Zulkifilu a Kan Gadar Jarida

Tudun Marke,
Malikanchi, Ikara.

Zuwa ga ɗana Ukasha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da aikin jaridar da kuke fama da shi a Kaduna. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, har ta so ta wuce kyau.

Na ba Lado direba wannan takarda ya kawo maka, domin wayarka kwanan nan in ta ga lambata sai ta yi ta kuka ba mai ɗauka. Ban ce laifinka ba ne. Kuma dai ka san tsohon malamin firamare, abin da bai rubuta ba gani yake bai faɗa ba.

Abin da ka ji a gutsure, ga shi a jere. Ranar kasuwar Makarfi yayanka ya je sayen taki. Ya taso bayan la'asar da buhu biyu a bayan babur, ya tarar da rafin Marke ya cika ya batse. Ka san wurin, inda aka kafa ginshiƙai biyu bara aka ce gada za a yi, aka tafi aka bar mana rodi yana kallon sama. Tukur, Bafulatanin da ke kiwo a tsallake, ya ce ya ɗaga masa hannu don ya koma. Shi kuma ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga nasa, ya shiga. Washegari aka tsinci babur a ƙasan gonakin rake. Shi kuwa mun bi rafi har inda ƙafa ta gaza, ba mu same shi ba.

Liman ya ce mu ɗan saurara, in mako ya zagayo ba labari, a yi masa addu'a, a zauna karɓar gaisuwa, matarsa Suwaiba ta shiga takaba. Mun yarda da haka. Har an share zaure an aro tabarmi.

To sai jaridu suka shigo maganar. Da farko waccan ta 'yan adawa ta buga cewa an cinye miliyan ɗari biyu na gadarmu, ruwa kuma ya ci mutum uku. Mun ƙirga kanmu, mun sake ƙirgawa, ɗaya ne ba ya nan. Sauran biyun ban san daga wane gari suka aro su ba. Bayan nan taku ta fito da raddi, ta ce ƙarya ce, miliyan tamanin aka kashe, an gama gada, har an buɗe ta ranar Asabar, kuma ba wanda ko takalminsa ya jiƙe. Ta sa hoto. Gada ce mai kyau, Ukasha, fara sol, da ma tamu ce. A ƙasa an rubuta cewa mutanen Tudun Marke ne ke murna. Na duba fuskokin, ban san ko ɗaya ba, sai na uku daga hagu. Yayanka ne. Yana dariya, ya ɗaga hannu.

Asabar ɗin da kuka faɗa ta zo ne bayan ruwa ya tafi da shi.

Mai shayi ne ya kawo jaridar daga Ikara, kafin azahar ta zaga gari. Liman ya gani, ya ce shi ba zai sa mace takaba ba alhali ga mijinta yana dariya a takarda. Aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su.

Innarka Talatu ka san ta, yayanka ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa bari a gan ta tana kallonsa ba. Jaridar ma da aka miƙa mata ture ta ta yi. Amma tun ranar, in an kwashe tuwo, ana ajiye malmala ɗaya a kwano a rufe, ba ta ce ta wa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Abu ɗaya nake so daga gare ka. Ka bincika mini a gidan jaridarku, yaushe aka ɗauki hoton nan, kuma a ina. Ban nemi ku gina gada ba.

Ka gaida iyali. Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Malam Ya'u

*

Kaduna.

Zuwa ga Baba Malam,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa cikin ladabi, tare da fatan Baba da Inna da dukkan mutanen gida suna lafiya. Allah ya bayyana mana Yaya Zulkifilu, ya ba mu juriyar wannan jarrabawa.

Baba ya yafe mini maganar waya. Ɗakin da muke aiki a buɗe yake, kowa na jin kowa, kuma ban san me zan ce ba in na ɗauka.

Ba ni na rubuta labarin ba. Irin waɗannan shafuka na ayyukan gwamnati ba mu ke fita mu nemo su ba. Ofishin da ya bayar da kwangilar ne ke aiko da rubutun da hoton a haɗe, mu mu gyara jimla, mu sa kanu, mu buga. Su ne ke ba mu talla, kuma da tallar ake biyan albashi. Ba ina wanke kanmu ba ne, ina faɗa wa Baba yadda aikin yake ne kawai. Su ma waɗancan haka suke yi, sai dai daga wani ofishin daban tasu takardar ke zuwa.

Na yi wa editanmu maganar a tsanake. Na ce ɗan'uwana ne a hoton, kuma gadar garinmu ban san an gama ta ba. Ya ce ai kwangilar kashi-kashi ce, mai yiwuwa kashi na farko aka buɗe a wani wuri cikin ƙaramar hukumar. Ya ce in ɗan'uwana ya fito a hoto, abin farin ciki ne, in yi hamdala. Sannan ya tambaye ni sunansa, na faɗa masa.

Ina ganin a ƙara haƙuri kaɗan, kada a yi gaggawar komai. Ni ma na daɗe ina kallon hoton. Allah mai iko ne, ana samun wanda ruwa ya kai wani gari ya farfaɗo a hannun mutane. Zan ci gaba da tambaya.

A gaida Inna, a gaida Suwaiba da yaranta.

Ɗanka mai biyayya,
Ukasha

*

Tudun Marke.

Ɗana Ukasha,

Salama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na karanta ta a zaure, na sake karanta ta a gona. Hausarka ta yi kyau, ba kuskure ko ɗaya. Da a aji ne da na ba ka maki cikakke, sannan in tambaye ka me ka ce.

Sunan da ka ba editanku ya yi amfani. Jaridarku ta wannan mako ta sake buga hoton, an zagaye kan yayanka da jan layi, an rubuta sunansa da nawa, an ce ga mutumin da 'yan adawa suka kashe da alƙalami. Ban taɓa zaton sunana zai fito a jarida ba. Na gode.

Bari in ba ka labarin yadda garinku ya koma. Ka san gidanmu a bakin hanyar masallaci yake, kowa sai ya bi ta ƙofar. Yanzu daga gaisuwar mutum nake gane wa ya zaɓa. 'Yan jam'iyyar gwamnati in sun zo sai su ce, "Malam, an ji motsinsa kuwa?" 'Yan adawa kuma su durƙusa su ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa." Jiya biyu suka haɗu a zaurena, ɗaya ya yi ta'aziyya, ɗaya ya ce a daina yi wa mai rai fatan mutuwa, saura kaɗan su dambace a kan tabarmata. Ni kuwa na amsa wa kowa da amin. Akwai masu tsoron Allah da ba sa son shiga rigima, su sun daina bin hanyar gaba ɗaya, suna zagayawa ta bayan makaranta.

A cikin gida ma haka matan ke yi wa Suwaiba. Wata ta shigo ta ce mata ta cire 'yan kunne, wata ta shigo ta ce ta sa lalle, maigida na tafe. Har an fara cewa wai ci-rani ya gudu, wai an gan shi wajen Saulawa, wai mata ya ajiye a can. Mutumin da ko kwana ɗaya bai taɓa yi a waje ba sai da sanina.

Mutanen waccan jaridar ma sun zo, da mota da wani ɗan takara. Sun kawo shinkafa. Suka ce a fito musu da Suwaiba da yara bakin rafi a ɗauke su hoto, in da hali tana kuka. Na tambaye su sunayen sauran mutum biyun da suka ce ruwa ya ci, in je in yi wa iyayensu gaisuwa. Ɗan jaridar ya ce adadi ne na wucin gadi. Na ce su ɗauki shinkafarsu, kada ruwa ya taɓa ta.

Mun koma wurin liman. Ya ce shi takardu biyu ya gani, ɗaya ta ce mutum na raye, ɗaya ta ce uku suka mutu, to wadda ta ƙara biyu ta yaya zai amince mata a kan ɗaya? Shaidar Tukur kuma ta ganin shiga ce, ba ta ganin gawa ba. Ya ce muddin akwai zancen an ga mutum bayan ranar, hukuncinsa na wanda ya ɓata ne, matarsa kuwa sai ta jira shekara huɗu kafin ta yi takaba. Shekara huɗu, Ukasha. Yarinyar nan ba ta kai talatin ba. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba, ba a raba gado ba, ba a yi wa mamaci addu'a ba.

Ka san ba na zama da suruka in yi hira. Ƙanwarka Ummuhani ce ta kawo mini saƙonta. Ta ce rigar da ke jikinsa a hoton tana cikin akwatinta, ita ta wanke ta ta ninke da hannunta tun kafin ranar kasuwa. Ta ce tana buɗe akwatin ta duba, ta rufe, ta dawo ta sake dubawa, tana tsoron wata rana ta tarar babu. Da innarka ta ji, ba ta ɗago daga tsintar wake ba, ta ce ai yadin ankon biki ne, rabin gari na da shi, mutum zai iya ara.

Ni kaina ba zan ɓoye maka ba, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai na tsinci kaina a tsaye. Ina zuwa bakin rafi da hantsi. Ruwa ya fara ja baya, ginshiƙan nan biyu sun fito, ciyawa ta sarƙe a rodin. Ina tsayawa in kalli tsakaninsu, wurin da jaridarku ta ce yana tsaye.

Tambayata tana nan yadda take: yaushe, kuma a ina. Wani ne ya riƙe na'urar ya danna, kuma yana da suna da ƙafafu. Ka neme shi.

Allah ya tsare.

Babanka,
Ya'u

*

Kaduna.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara a kan jan layin nan. Wallahi ban san abin da zai yi da sunan ba ke nan.

Na samu mai hoton. Sunansa Abdulƙadir, ba ma'aikacinmu ba ne, 'yan kwangila ne ke ɗaukarsa aiki in sun gama gini. Na same shi a shagonsa, na nuna masa, ya gane nan take. Ya ce kwalbati ce a hanyar Kudan, kuma da rani ya ɗauka, lokacin saran rake. Ya ce ranar ba jama'a a wurin, sai suka riƙa tare masu wucewa suna roƙonsu su tsaya a cika hoto. Yaya Zulkifilu ya zo da lodin rake a babur, suka tsayar da shi. Ya tuna shi sosai, domin shi ya yi ta ba mutane dariya, yana cewa a yi sauri kafin rakensa ya zama mazarƙwaila. Na ga hoton a na'urarsa, da kwanan watan a jiki. Wata biyar ne kafin ruwan.

Baba, Yaya bai tsaya a kan wata gada ranar Asabar ba. Ba wanda ya gan shi bayan Tukur.

Na koma wurin edita na ce a buga gyara, ko layi biyu ne a shafin ciki. Ya rufe ƙofa, ya yi mini magana a hankali kamar mai ba ɗa shawara. Ya ce in muka ce hoton na Kudan ne, mun ce ba gada a Tudun Marke, in kuwa ba gada, sai a tambayi ina miliyan tamanin. Ya ce zaɓe na tafe, ba zai miƙa wa waɗancan wuƙa ba. Ya ce in ji tausayin mutum arba'in da ke cin abinci a gidan. Da na ce akwai mace da za ta zauna shekara huɗu saboda hoton, sai ya ce, "Ukasha, wannan ai maganar malamai ce, ba ta jarida ba."

Abdulƙadir ya ce ba zai je ko'ina ya yi shaida ba, da su yake ci. Waɗancan na jaridar 'yan adawa kuma sun ji ƙishin-ƙishin, wani daga cikinsu ya kira ni, ya ce in ba su labarin su sa a shafin farko, su ba ni kujera. Na san abin da za su yi da shi. Za su sake kashe mutum uku, su sa hoton Yaya a allon kamfe.

Ba zan iya rubuta wannan a jaridarmu ba, ba na kuma son rubuta shi a tasu. Abin da ya rage mini bakina ne. In liman zai karɓi rantsuwata a kan abin da na gani da idona, zan zo. Sai dai in na yi, labari zai iso nan kafin ni, kuma Baba ya san abin da zai biyo baya. Wannan ban damu da shi sosai ba. Inna nake tunani. Ni zan shigo gidan in ɗauke mata abin da take riƙe da shi.

Baba ya yanke, ni mai bi ne.

Ɗanka,
Ukasha

*

Tudun Marke.

Yaya Ukasha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara. Suwaiba ce. Ummuhani ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Baba ya sa an karanta mana takardarka a tsakar gida. Da aka gama Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ciki ta ce duk wanda ya zo ya rantse, shi ya kashe shi, ba ruwa ba. Baba ya ninke takardar. Kwana biyu ke nan yana ɗaukar biro yana ajiyewa, shi ya sa na ce bari ni in aiko, ka yafe mini rashin kunyar.

Ni na san ya rasu tun ranar da aka turo babur ɗin gida. Amma kullum sai wata ta shigo ta ce an gan shi, sai in sake sa rai, in kwana ina saurare, gari ya waye in sake rasa shi. Na rasa shi ya fi sau ashirin. Babbar 'yarmu ta tambaye ni ko ta yi masa addu'ar matattu ko ta matafiya, na ce ta yi duka.

Ba aure nake so ba, kada wani ya ce maka haka. So nake a ce mini ya rasu, in zauna in yi masa takabarsa kamar kowace mace, a yi masa sadaka tun ana tunawa da shi. Yana da hakkin wannan a kaina.

Don Allah ka zo. In Inna ta yi fushi, da ni za ta yi, ni ke gidan.

Ƙanwarka,
Suwaiba

*

Tudun Marke.

Ɗana Ukasha,

Salama. Ina fatan ka isa lafiya. Lado ya ce mini an ɗauke ka daga teburinka an mayar da kai shafin farashin hatsi. To, a can dai in ka ce buhu kaza ne, akwai wanda zai je kasuwa ya duba.

Ka tafi da wuri, ba ka ga sauran ba. Bayan rantsuwarka liman ya tara dattawa, suka haɗa da shaidar Tukur, suka yanke. An yi addu'a ranar Juma'a, Suwaiba ta shiga takaba. Mutane sun zo, ban da kansilanmu na jam'iyyar gwamnati da mutanensa. Su har yanzu jaridarsu ba ta ba su izini ba.

Innarka ba ta fito karɓar gaisuwa ba, kuma ka ga yadda ta juya maka baya da ka durƙusa. Kada ka riƙe ta. Yau da safe ina shirin fita gona ta tsaya a bakin ƙofa, tana kallon wani wuri daban, ta ce in ina rubuta wa yaron nan na Kaduna, in ce ya je wurin mai hoton ya wanko mata babba, irin wanda ake ratayewa. Ta ce a cire sauran mutanen, a cire gadar, a yanke rubutun da ke ƙasa.

Ba ta ce hoton wa ba. Ka aiko ta hannun Lado.

Babanka,
Ya'u